Littattafan Koyon Karatun Hausa a Ma'aunin Yaron Mubi

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna tafka muhawara a kan ƙagaggun labarai da rubutattun waƙoƙi da wasannin kwaikwayo, amma ba kasafai sukan waiwayi ɗan littafin nan da ake fara miƙa wa yaro a aji ɗaya na firamare ba. An ɗauke shi tamkar alli da allo, wato kayan aikin malamin aji kawai, wanda bai kai a ɓata tawada wajen yi masa sharhi ba. Alhali kuwa duk wanda ya taɓa zama ya karance Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar, ta wannan ƙofa ya shigo. Idan ƙofar ta toshe, marubuci ya rasa makaranci, mai sharhi kuma ya rasa abin yi.

Wannan maƙala za ta dubi rukuni biyu na littattafan da aka tanada domin koya wa yara karatun Hausa. Rukuni na farko shi ne na littattafan da suka fito daga Zariya tun zamanin Turawa. Na biyu kuwa shi ne na littattafan da shirye-shiryen inganta karatu suka samar daga wajen shekarar 2014 zuwa gaba. Ma'aunin da za mu ɗora su a kai shi ne yaron da ke zaune a ajin firamare a garin Mubi ta Jihar Adamawa. Mun zaɓe shi ne saboda a wurinsa ne ƙarfin littafi da rauninsa suka fi fitowa fili, tun da yake sau da yawa Hausa ba ita ya tsotsa a nono ba. Abin da muke son nunawa shi ne, rukunin farko ya ƙware a labari, na biyu ya ƙware a dabarar haɗa baƙi, amma tsakanin su biyun akwai wani matakala da ta ɓace, wadda babu mai iya sassaƙa ta sai marubucin adabi.

2.0 Wane ne Yaron Mubi?

Garin Mubi yana gindin duwatsun Mandara ne, a bakin kogin Yadzaram, daf da iyakar Nijeriya da Kamaru. Yankin ya taɓa zama a hannun Jamusawa, sannan ya koma riƙon amanar Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 wadda ta shigar da shi cikin Nijeriya da sunan Lardin Sardauna, Mubi kuma ta zama hedikwatar lardin. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga zancenmu, domin a lokacin da ake rubuta littattafan Zariya a shekarun 1930, ba wannan gefen ƙasa marubutan suke hange ba.

A cikin aji guda a Mubi ana iya samun ɗan Gude da ɗan Fali da Bafulatani da ɗan Margi da ɗan Higi da ɗan Kilba da Bahaushe, duk a kan benci ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne Hausar kasuwa da ta tasha da ta filin wasa. Wannan Hausa ta ishi yaro ya yi ciniki, ya yi faɗa, ya yi sulhu, ya kai saƙo. Sai dai ba ita ce Hausar littafi ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro a shekarunsa na farko da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankinsa, kuma a gari irin Mubi harshen da kowa ke ji a aikace shi ne Hausa.

Daɗin daɗawa, a ƙarshen watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram sun mamaye garin, jama'a suka watse, makarantu suka rufe, kafin a ƙwato shi cikin watan Nuwamba na wannan shekarar. Yaron da karatunsa ya taɓa yankewa haka, ko wanda ya tashi a hannun iyayen da suka yi gudun hijira, ya fi kowa bukatar littafin da zai riƙe shi ko da malami ba ya kusa.

3.0 Littattafan Zariya

Tun daga makarantar da Hans Bisha, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, matsalar farko da boko ya fuskanta ita ce rashin abin karantawa. Domin magance ta aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin jagorancin Dokta R. M. East. Ita ce ta shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Daga wannan gida, da magadansa irin su Kamfanin Gaskiya da Hukumar NORLA da Kamfanin NNPC, aka sami jerin littattafan nan da ɗaliban elementare suka sani, wato Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu.

Hanyar da aka bi a matakin farko ita ce ta gaɓa-gaɓa: a san baƙi, a ɗora masa wasali, a haɗa gaɓa da gaɓa su ba da kalma. Wannan hanya ta dace da ƙirar Hausa, domin akasarin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, ko baƙi da wasali da wani baƙin. Har ila yau ba baƙuwa ba ce ga yaron da ya zauna a makarantar allo, inda ake fara babbaƙu kafin a shiga farfaru.

Amma inda Zariya ta yi zarra shi ne a saman matakalar. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya domin ya rubuta littafin karatu na makarantu, abin da ya haifar da Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Mutane da yawa sun manta cewa littafin makaranta ne, kuma wannan mantuwa ita ce babbar shaidar nasararsa. Idan muka dubi zubinsa za mu ga dalili. A littafi na ɗaya aku yana ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labarai ne domin ya ɗauke masa hankali kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Ke nan kowane labari yana ɗauke da ran mutum a bayansa. Yaron da ya gama labari ɗaya ba ya bukatar malami ya ce masa ya juya shafi, domin shi kansa yana son ya san ko Musa ya tsira a wannan dare. A littafi na uku kuwa, inda Waziri Aku yake koya wa ɗansa Fasih dabarun zance, Imam ya mayar da darasin koyon harshe kansa ya zama labari.

To, amma ina yaron Mubi a cikin wannan duniya? Duniya ce ta fada da fadawa da sarautu da kirari. Harshenta cike yake da karin magana da habaici da kalmomin Larabci, jimlolinta kuma dogaye ne masu rassa. Ɗan Katsina ko ɗan Zazzau da ya tashi yana jin irin wannan zance a bakin kakarsa, da ya iya haɗa baƙi sai ya tarar da abin da kunnensa ya riga ya sani. Ɗan Gude kuwa, tazarar da ke tsakanin shafin ƙarshe na littafin haɗa baƙi da shafin farko na Magana Jari Ce ta fi ƙarfin tsallensa. Ba laifin Imam ba ne, domin kowane marubuci yana da makarancin da yake kallo. Ko da Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fito da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, wanda ya sauƙaƙa hawan ƙwarai, taskar da ya ɗebo daga cikinta ta ƙasar Hausa ce.

4.0 Littattafan Shirye-shirye

Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 sun nuna cewa akasarin yaran ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. A lura, Sakkwato ce fa, inda Hausa take harshen gida. Wannan sakamako ne ya zaburar da samar da sababbin littattafai, irin su Mu Karanta, wanda aka yi amfani da shi a waɗannan jihohi biyu da tallafin hukumar USAID ta Amurka, da kuma littattafan shirin RANA a Katsina da Zamfara. Irin wannan tsarin koyarwa ya iso Adamawa ta hanyar shirin da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola ta gudanar a jihohin Adamawa da Gwambe daga 2019.

Wajibi ne a yaba wa waɗannan littattafai a kan abin da suka iya. Sun jera baƙaƙe daki-daki, ba sa kawo wa yaro kalmar da ke ɗauke da baƙin da bai koya ba. Sun koyar da sautin harafi tare da sunansa. Sun tanadi jagoran malami wanda ya tsara darasi mataki-mataki, malami ya gwada, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Sun kuma ware lokacin da malami zai karanta labari a bayyane ya yi tambayoyi a kansa. Ga malamin da bai sami horo mai zurfi ba, wanda ke fama da aji maƙil da yara, wannan ba ƙaramin agaji ba ne.

Sai dai idan aka ɗora su a ma'aunin adabi, akwai abin cewa. Da farko, a shafukan da yaro yake karantawa da kansa labari ya zama bawan baƙi. Idan baƙaƙe huɗu ko biyar kawai aka koya, dole jimla ta fito daga cikinsu, ko tana da daɗi ko ba ta da shi. Alal misali, muna iya ƙirƙira jimla mu ce kaka ta kama kaza. Yaro zai karanta ta daidai, amma babu abin da zai sa ya tambayi abin da ya biyo baya. Wannan takura ba makawa ce a makonnin farko, amma bai kamata a ɗauka an ba yaro labari ba.

Na biyu, jigon irin waɗannan labarai sau da yawa nasiha ce tsirara, tauraronsu kuma yaro ne mai ladabi wanda ba ya kuskure. A nan ya kamata mu tuna da Gizo. Maƙaryaci ne, maƙwaɗaici, maci amana, amma babu yaron da ya taɓa jin labarinsa ya manta da shi. Tatsuniya tana koyar da tarbiyya ne ta hanyar barin mugun hali ya yi tafiyarsa har ya faɗa rami a gaban idon yaro. Labarin da ya fara da darasi ya ƙare da darasi, ba a ɗauke shi a kai gida.

Na uku, littattafai ne da kwamiti ya rubuta a zaman bita, aka buga da kuɗin tallafi, aka raba kyauta. Rayuwarsu tana ɗaure da rayuwar shirin. Hukumar USAID kanta ta daina aiki a 2025. Magana Jari Ce kuwa ya haura shekara tamanin mutane suna sa hannu a aljihu suna saye.

5.0 Inda Harshe Yake Tuntuɓe

Akwai abubuwa uku a ƙa'idar rubutun Hausa da rukunan biyu suka ɗauka yaro ya zo da su daga gida.

Na farko shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa da 'yan'uwansu. Ɗan Fulani ba ya shan wahalar ɓ da ɗ, domin akwai su a Fulfulde. Amma ƙ da ts ba sa cikin harshensa, kuma a Hausar da ake yi a titunan wannan yanki sukan narke su koma k da s. Saboda haka baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko sarki da tsarki, duk ɗaya suke a kunnen yaro. Littafin da ya ba ƙ darasi ɗaya kamar yadda ya ba m ko n bai san wanda yake koyarwa ba.

Na biyu shi ne jinsi. Daidaitacciyar Hausa tana bambanta ya da ta, da wancan da waccan, da nasa da tasa. Hausar da yawancin waɗanda suka koye ta a waje suke yi ba ta cika kula da wannan ba. A cikin labarin da ke da taurari biyu, namiji da mace, sau da yawa ɗan ƙaramin wakilin sunan nan ne kaɗai ke nuna wanda ya yi aiki. Yaron da bai saba da shi ba zai karanta shafi sarai, amma bai san wa ya mari wa ba.

Na uku shi ne rashin nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutu. Duk tarurrukan daidaita ƙa'idojin rubutu, tun daga na Bamako a 1966 har zuwa na Yamai a 1980, sun bar rubutun yau da kullum ba tare da waɗannan alamomi ba. Kalmar gari tana iya zama wurin zama ko abin tuwo, kuka tana iya zama itaciya ko hawaye, fari kuma launi ko rashin ruwa. Bahaushe yana warware wannan ne da sanin harshen da ke cikinsa tun kafin ya ga takarda. Wanda bai da wannan jari sai ya furta kalma ba daidai ba, in ya furta ba daidai ba kuma ba zai gane ta ba, ko da ya san ta a baki. Daga nan sai ya zama kamar akun gidan mutane mai maimaita abin da ya ji, ba akun Imam mai sanin abin da yake faɗi ba.

Maganin waɗannan uku ɗaya ne, wato yawan karanta labarai masu sauƙi inda kalma take dawowa sau da yawa a cikin muhallin da ke bayyana ma'anarta. Abin da babu ke nan.

6.0 Batun Harshen Uwa

Mai karatu yana iya cewa, ai maganin wannan duka shi ne a koyar da ɗan Gude da Gude, ɗan Fali da Fali. Wannan magana tana da tushe. 'Yan mishan da suka sauka a Garkiɗa a 1923 sun fara koyar da karatu da harshen Bura ne. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna cewa harshen uwa ba ya hana yaro iya Ingilishi. A ƙauyen da harshe ɗaya ake yi, wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa, kuma bai kamata masoyin Hausa ya ji haushin haka ba. Amma a ajin cikin gari mai harsuna shida ko bakwai da malami ɗaya, dole a nemi harshen da ya haɗa kowa.

Gwamnati kuwa ta yi ta kai gwauro tana kai mari. A 2022 ta amince da koyarwa da harshen uwa har tsawon shekara shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya sanar da soke wannan tsari da komawa ga Ingilishi. Ba mu ga yadda yaron da ke tuntuɓe a harshen da yake ji a kasuwa kullum zai miƙe a harshen da ba ya ji sai a aji ba. Ko ma dai yaya aka yi, wannan sauyi ya ƙara wa marubuta nauyi ne. Idan sa'o'in Hausa suka ragu a jadawalin makaranta, abin da ya rage wa yaro shi ne littafin da zai karanta don kansa yana so.

7.0 Matakalar da ta Ɓace

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya tabbatar da cewa akwai masu sayen littafin Hausa da kuɗinsu idan labarin ya kama su. Amma wannan yunƙuri ya fuskanci matasa da matan aure ne, ya bar yara a baya. Ɗalibanmu masu aiko da gajerun labarai da waƙoƙi zuwa wannan mujalla su ma akasari manya suke yi wa rubutu, wataƙila don ana ganin rubuta wa yaro aikin wanda bai ƙware ba ne. Gaskiyar magana ita ce ya fi wuya, domin an hana marubuci dogayen kalmomi da zai fake a bayansu.

Littafin da muke nufi gajere ne, mai jimloli gajeru, wanda yaron aji biyu ko uku zai karance a zama ɗaya. Sai ya kasance akwai wani abu da tauraro zai rasa idan bai yi dabara ba, ko akuyar gidansu ce ta ɓace a ranar kasuwa. Sai yaro ya ga garinsu a ciki, da dutse da kogi da kasuwar shanu da masu zuwa daga tsallaken iyaka, ya kuma ji sunaye irin na abokan zamansa a benci. Sai a rubuta shi da daidaitacciyar Hausa, amma marubuci ya san wuraren tuntuɓe ya mayar da su abin wasa. Labarin da dariyarsa ta rataya a kan yaron da ya rikita baki da baƙi zai koyar da ƙ fiye da maimaici goma a allo. Haka nan a sauko da tatsuniyoyin Gude da Fali da Margi da Fulani cikin sauƙaƙƙiyar Hausa, a ambaci inda aka samo su, in da hali a buga su da harsunan biyu gefe da gefe. Imam kansa ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya ya sa musu rigar Hausa. Wanda ya ɗebo daga bayan gidansu ya fi shi sauƙin aiki. Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya duk suna cikin garin Mubi, cike da ɗaliban da kakanninsu ke riƙe da waɗannan labarai a ka.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda littattafan Zariya suka gina saman matakala da labari mai rai, amma suka ɗauka kowane yaro Bahaushe ne. Mun ga yadda littattafan shirye-shirye suka gyara ƙasan matakala da kyakkyawar dabara, amma labarinsu bai kai ya riƙe yaro ba. Mun kuma nuna wurare uku da ƙa'idar rubutu take kayar da wanda ya koyi Hausa a waje. Malamin firamare zai iya koya wa yaro haɗa baƙi cikin 'yan watanni, amma ba zai iya ƙaga masa abin karantawa ba. Wannan aikin marubuta ne, aikin masu sharhi kuma shi ne su auna abin da aka rubuta wa yara da irin tsananin da suke auna na manya. Muna fata a fitowar wannan mujalla ta baɗi za a sami ko labari ɗaya da za a iya miƙa wa ɗan aji uku a Mubi, ya karance shi, ya tambayi ko akwai wani.